Shugaban Teloli da Sarkin Ostiraliya

Jama'a, ku zo ku ji irin butulcin da aka yi mini. Ni ne shugaban ƙungiyar telolin layinmu a Funtuwa, kuma ba tsintar kujerar na yi ba, daga wajen mahaifina na gaje ta. Ga kwarjini, ga iya kafa hula, babu walimar da za a buɗe kwano ban sa albarka ba. Kwatsam sai yaran nan masu keken lantarki suka ce wai zamanin gado ya wuce, zaɓe suke so. Ni za a yi wa zaɓe!

To, ni ma ba kanwar lasa ba ne. Ƙanin matata da ke aikin jinya a Ostiraliya ya taɓa ba ni labari cewa har gobe mai sarautar Ingila shi ne sarkinsu. A 1999 sun yi ƙuri'ar raba gardama don su koma jamhuriya, sai masu son canjin suka rabu: waɗannan na cewa majalisa ta zaɓi shugaba, waɗancan na cewa a'a, sai dai talakawa. Garin ja-in-ja, sarauta ta tsira. Na ce madalla, na samu dabarar da zan ara.

Ranar taro na zuba babbar riga mai aska takwas, na miƙe na ce na yarda in sauka. "Amma fa wa zai zaɓi magajina? Masu shago kaɗai, ko har da masu koyo?"

Ai kuwa wuri ya kaure. Tanimu mai surfani ya buga hula da ƙasa, ya rantse ba zai haɗa layi da wanda bai iya sa maɓalli ba. Masu koyo suka ce su ne ke guga, su ne ke shan zagin kwastoma. Ni ko na harɗe ina taunar goro. Da suka gaji na gyara murya.

"Kun gani ko? Turawan Ostiraliya ma, da duk bokonsu, haka suka yi suka bar sarauta inda take. Balle ku."

Sai Baba Mijinyawa, tsohon da ya fi kowa daɗewa a layin, ya sauke tabarau.

"Alhaji, shi sarkin nasu a wace unguwa yake zaune?"

"Unguwa kuma, Baba? Yana can Ingila, kusan yini da kwana a jirgin sama. Wakili kawai ya ajiye musu."

"Yakan dai leƙo shaguna kullum ya kushe musu ɗinki?"

"Ina! Sai a yi shekaru ba su sa shi a ido ba."

Tsoho ya mayar da tabarau, ya ce, "To ai gardama ta ƙare. Kujera taka ce har abada, Alhaji. Tanimu, bincika mana yaushe jirgin Ingila ke tashi."