Maɓallin Facin Wando da Ya Ƙi Mutuwa

"Sannu da aiki, Uwar Almakashi. Yau yatsunki nawa suka tsira?"

"Waɗanda suka rage sun isa su shaƙe ka. Shigo, Sarkin Latse-latse, dama kai nake jira."

Telar ko ɗaga kai ba ta yi daga kan keken ɗinki ba. Rigar amarya ce a gabanta, an haɗa hannu ɗaya, ɗayan yana kwance a kan tebur, kuma kafin yamma za a zo ɗauka. Wanda ya shigo taubashinta ne, ɗan kawunta. Shi ya haɗa wa shagon shafin intanet, kuma tun daga ranar yake taku kamar shi ya ƙirƙiro wutar lantarki. Ya ajiye wata baƙar leda a bayan ƙofa, ya haye kujerar masu jiran awo.

"Haka ake tarbar ubangida? Ko ruwa babu?"

"Leƙa ta taga ka ga aikinka."

Ya leƙa. Maza ne jere a kan benci, kowa da wando naɗe a cinya. Ta ce tun makon jiya ta daina facin kayan maza, ta koma ɗinkin mata zalla. Da hannunta ta goge maɓallin "Facin Wando" daga jerin maɓallan da ke saman shafin. Amma kullum sai maza sun zo, kowa ya dangwara mata waya a hanci, ga maɓallin nan daram. Tun safe aikinta ke nan, ba da haƙuri, rigar mutane kuwa tana nan da hannu ɗaya. Ranta a ɓace yake ƙwarai, sai dai ganin fuskarsa ya hana ta riƙe dariya.

"To laifin wa? Ba ke kika ce shafin yana buɗewa kamar kunkuru mai ciwon gwiwa ba?"

"Na ce ka ba shi magani, ban ce ka mayar da shi maƙaryaci ba."

Ya gyara zama, ya shiga bayani da hannu biyu. Wai da, duk sanda mutum ya buɗe shafin, sai wayarsa ta yi tattaki ta ɗauko jerin maɓallan nan sabo fil, shi ne jinkirin. Shi kuwa da basirarsa ya ce wa wayoyi su ɗauka sau ɗaya su ajiye a cikinsu, kada su sake tambaya sai an kwana biyu. Shi ya sa shafin yake buɗewa kafin ƙiftawar ido.

"Kwana biyun naka nawa ne?"

Ya sosa ƙeya. "Har ƙarshen shekara."

"Shekara! Wato ko na koma sayar da tayoyin mota, wayoyin mutane suna nan suna cewa ina facin wando?"

"Amma da sauri za su faɗa."

Ta jefe shi da ƙwallon zare. Ya goce, ya ce in ta ga dama yanzu ya cire ajiyar gaba ɗaya, kunkurunta ya dawo, amare su tsufa suna jiran shafi ya buɗe. Ta ce ita ba ta son kunkuru, ba ta son maƙaryaci, kuma in kansa ba zai iya haɗa sauri da gaskiya ba, ya kawo kan ta rage masa faɗi. Ya buɗe kwamfutarsa yana gunaguni. Ya rage ajiyar ta koma ta ɗan lokaci, ya kuma saita ta yadda duk sanda ta taɓa jerin, wayoyi za su watsar da tsohon su ɗauko sabo. Ya ce shafin zai ɗan yi nauyi jefi-jefi. Ta ce nauyin da ba zai tara mata maza a ƙofa ba, tana maraba da shi.

Sai idonta ya faɗa kan ledar.

"Mene ne wancan?"

"Kayan aiki. Ba za ki gane ba."

Ta riga shi kaiwa. Ta zazzage ledar, sai ga wandonsa na fita kunya, ya yage tun daga ƙugu har cinya. Ta ɗaga shi sama, tana hango taubashin nata ta cikin yagar.

"Da safe na duba wayata," in ji shi a hankali, "na ga har yanzu kina yi."

Dariya ta kwantar da ita a kan keke har da hawaye. Shi ma ya fashe, ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama. Kin ci."

"Jeka ka sallami 'yan'uwanka na kan benci, ka tsaya a ƙofa har in gama rigar nan. Wandonka zan face maka kyauta, shi ne na ƙarshe."

Ya washe baki ya nufi ƙofa. Ta sunkuya ta tsinci ragowar yadin amarya, ruwan hoda mai walƙiya, ta ɗora a kan yagar, ta ga ya zauna daidai.