Yadda Za Ka Rage Tumbi Ba Tare da Nima Ta Sani Ba

Kai da likita ya ce ko ka rage ƙiba ko ka fara sallama da dangi, kwantar da hankalinka. Hanyar nan tabbatacciya ce. An gwada ta a kan Alhaji Mika'ilu na unguwar Nima, kuma yana nan da ransa.

1. San matsayinka

Tun yunwar tamanin da uku, duk wanda ya rame a unguwar nan jaje ake yi masa. Lamarin Alhaji ya fi tsanani. Matarsa, Hajiya Amama, wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, shi kuwa aikinsa zama a benci kusa da tukunya. Masu wucewa su dubi tumbinsa, su shiga layi. Ran da tumbin ya tafi, ciniki zai koma wurin Hamsatu ta tsallaken kwata.

2. Yi tafiya, amma da hujja

Babban mutum ba ya takawa a ƙasa haka kawai, sai a ce kuɗin mota ya gagare shi. Nemi ta'aziyya. Kullum da safe Alhaji kan taka har unguwar Kotobabi, ya yi wa mutanen da bai taɓa gani ba gaisuwar mamacin da bai taɓa sani ba. Har limamai suka fara yabon zumuncinsa.

3. Rage kwano

Rabin shinkafa, ganye da yawa, koko ba sukari. Ganda da taliya da man da ke iyo a sama, tura wa na kusa da kai, ka ce sadaka ce. Kada ka daina ci gaba ɗaya. Wannan gajeriyar hanya ce zuwa inda likita ya ambata.

4. Nemi tela mai amana

Hudu tela ya ɗinka wa Alhaji matashi daidai gurbin da tumbi ya bari, da igiya ta baya.

"Alhaji, in ka zo ruku'u, ka bi a hankali."

5. Kada ka ɗauka matarka ba ta gani

Wata safiya igiyar ta tsinke, matashi ya faɗo tsakanin ƙafafunsa. Amama ta ajiye ludayi, ta ɗauka, ta kakkaɓe.

"Hajiya, wallahi likita ne ya..."

"Ni na kai wa Hudu audugar. Wa kake tsammani ya janye maka mai a miya?"

"To cinikin fa?"

"Tumbi na kawo ciniki, Alhaji. Amma takaba wata huɗu ce da ɗoriya, rumfa a rufe. Hamsatu zan bar wa Nima?" Ta miƙa masa matashin. "Mayar, ka zauna. Mutane na kallo."

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba kuma tela ba. In igiyarka ta tsinke a sahun farko ran Juma'a, ko aka tambaye ka sunan mamaci a Kotobabi, ban san ka ba. Hudu ma ya ce bai san ka ba.