Sunan Binta a Littafin Bature

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na kashe aurena da bakina a zauren su Binta, a unguwar Sheshe. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina sabon malamin elemantare, boko ya kumbura mini kai. Wani Bature ya ba ni aron littafin soyayya, na karanta farkonsa kawai (Turancin ya yi mini nauyi, amma wa zan faɗa wa?), na ɗauke shi sai gidan su Binta, yarinyar da aka yi mini alkawarinta.

Yayanta Inuwa maɗinki ne, kullum bayan la'asar zaurensa cike yake da abokai. Nakan karanta layi, in juya musu da Hausa. Sunan matar littafin ya ƙi zama a bakinsu, sai na ce mu kira ta Binta. Na san tana laɓe a soron ciki tana ji, ni a dole ga mai iya soyayya.

Kwanaki abin na tafiya daidai. Ran nan muka zo inda mijin matar littafin ya yi tafiya, wani baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bakina ya riga hankalina, na ɗaga murya: "Sai Binta ta buɗe masa, ta ce shigo, maigidan ba ya nan, ta ja shi ɗaki."

Keken ɗinki ya tsaya. Na ɗago, ga mahaifinta a bakin ƙofa da buta a hannu.

"Malam, wace Bintar?"

"Baba, ta littafi ce."

"Baturen ne ya raɗa mata sunan 'yata?"

Na rufe littafin. Ya ce in tashi, in gaya wa magabatana su zo su kwashe kayansu.

Abin da ya fi ci mini rai, kafin Juma'a zancen ya kai har unguwar Yakasai, kuma a hanya an yar da batun littafi, Binta kaɗai ta rage a bakin mutane. Yarinyar da ba ta yi komai ba ta daina zuwa ko biki. Daga baya aka kai ta wurin gwaggonta a ƙauye.

Na zauna na ƙarasa littafin cikin haushi, ina fatan matar za ta tuba, in sami abin kai wa Baba. Ina! Ba ta tuba ba, mijin bai ma sani ba, marubucin ya ɓata shafukan ƙarshe yana kwatanta ruwan sama.

Tun daga nan, ko takardar magani aka miƙo mini in karanta wa jama'a, sai na kai ƙarshenta a zuci tukuna. Sunan mutum kuwa na bar wa mai shi.