Daɓen Farfesa Laima

A duk ƙasar Tsanyawa babu manomi kamar Malam Hashimu, shi ma ya sha faɗin haka. Tun da ya kalli noman laimar kwaɗi a waya ya daina gaisa masu noman gero, sai dai ya ɗaga musu yatsa. 'Yan majalisar bakin kasuwa suka sa masa Farfesa Laima. Ya karɓa da godiya.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: sarautar Sarkin Noma, wadda Dagaci ya ce zai ba wanda ya zo da sabon abu bana.

Farfesa ya gina kwamoci uku a ƙarƙashin rumfa. Ɗaya ya cika da ƙaiƙayi, ɗaya da ɓawon gyaɗa, na ukun da yankakken kara. Ya zuba irin da ya sayo a Kano. Ba da jimawa ba farin zare ya mamaye su duka, alamar abin ya kama. Saura mayafi. Mai bayani a waya ya ce a barbaɗa ƙasa mai laushi da danshi a sama, sakwa-sakwa, don laimar ta sami hanyar ɓullowa.

"Barbaɗe aikin talaka ne," in ji Farfesa. "Kowane kwami da darajarsa. Ƙaiƙayi jar ƙasa, ɓawo laka, kara kuwa tsakuwa, don shi ne babba."

Ya sa matarsa Hure ta gayyato mata masu daɓe. Suka zo da madaɓai da makuba, suka yi ta kirɓa suna waƙa, har saman kwamocin ya riƙa sheƙi. Farfesa ya shafa, ya ce ko Turawa iyakarsu ke nan.

Ranar buɗewa Dagaci ya zo da jama'a. Ko tsinke bai tsiro ba. Farfesa ya ƙwanƙwasa kwamin farko da sanda, ya kara kunne.

"Ranka ya daɗe, suna ciki. Kunya ce irin ta amfanin zamani."

Dagaci, wanda gwiwa ke damu, ya zauna a kan na tsakiya yana jiran kunyar ta wuce. Ya gyara zama. Ya miƙe ƙafa. Fuskarsa ta washe.

"Malam Hashimu, Allah Ya yi albarka. Garin nan ya daɗe ba shi da dakali mai kyau."

Da azahar aka ba Nababa mai tattasai Sarkin Noma. Farfesa ma bai tashi hannu wofi ba: yanzu duk matar da za ta yi daɓen ɗaki, shi ake aika wa.