Ranar Da Na Ɗaure Kaina A Turken Rago

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da aka iske ni ɗaure a turken rago, kuma babu wanda ya ɗaure ni sai ni kaina. Bari in faro daga farko don ku san hankalina bai gushe ba (ko da yake matata Falmata har yau tana da nata ra'ayin a kan wannan).

Aikina allurar dabbobi. Shekara goma sha bakwai ke nan ina zagaya garkunan yankin Diffa, tun daga bakin Komadugu har rijiyoyin Mainé-Soroa. Bijimin da maza huɗu suke kokawa da shi, ni kafin ya juyo da ƙaho na soka na zare na wuce. Makiyaya suna ce mini Likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

Sai tafin ƙafata ya fara wani iri, kamar ina taka kiyashi. Daga baya yatsun hannu suka ɗauka, har maɓallin riga ya fara gagarata. Aka ɗebi jinina aka auna, aka ce bitamin B12 ne ya yi ƙasa, kuma cikina ba ya tsotsar shi daga abinci, don haka ƙwaya ba za ta wadatar ba sai allura. An yi mini ta farko a asibiti, sauran kuma sau ɗaya a sati. Matsalar ita ce saura kwana goma mu fita turne, wato zagayen rigakafin shanu, sati shida cikin daji. Kowa da tasa shiyyar, daga ni sai direba, shi kuwa ko yankan kaza ba ya iya kallo.

Majo, shugaban malaman jinya na unguwarmu, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malam, ko ka koyi yi wa kanka, ko ka zauna gida. In ka yi wasa da ita, mutuwar yatsun nan za ta iya zama maka har abada."

Ya nuna mini wurin, gefen cinya ta waje, a tsakiya. A wanke hannu, a goge fata da auduga da alkol, sabuwar allura kowane karo. Na yi dariya na ce, "Majo, ni za ka koya wa allura?" Ya miƙo mini sirinji ya ce, "To yi in gani." Nan take na tuna ana jira na a biro, wato ofishinmu.

A gida na zauna bakin gado, na zuƙo ruwan maganin, ja wur kamar zoɓo. Na ɗaga hannu, na sauko da shi, sai ya tsaya cak, saura kaurin yatsa ya taɓa fata. Na sake, ya sake tsayawa a daidai wurin. Wallahi abin ya fi ba ni mamaki a kan tsoro. Wane ne ke riƙe hannun nan? Ni dai ban ce masa ya tsaya ba.

Sai na shiga bincike. Na ɗauko lemo na soka da tsohon sirinji, ya shige sumul. Na soki kankana, na soki matashin kai. Hannu lafiya lau. Amma da zarar cinyata ce a ƙasa, sai ya ƙi, ƙafar kuma ta yi tsalle gefe tun allurar ba ta iso ba. Kwana uku ina haka, ranar allura ta wuce, kiyashin yatsu suka ƙaru. Falmata ta ce, "Kawo in yi maka mu huta." Na ce ai ba da ita zan tafi daji ba. Ta ce, "To ka tafi da kankanar, ita dai na ga ka iya yi mata."

Rana ta huɗu bayan karin kumallo wani tunani ya zo mini, kuma a lokacin na ɗauke shi babban ilimi. Duk dabbar da na taɓa yi wa allura a ɗaure take. Ashe laifin ba na hannu ba ne, na ƙafar ne da aka bari a sake.

A bayan gidanmu akwai ɗan garke mai ƙofa ta lungu, inda makiyaya suke kawo mini dabba marar lafiya. Na shimfiɗa tabarma, na jera kayana a faranti (in Majo ya ji a garke na yi, sai ya ƙwace sirinjin). Na ɗauko igiya na ɗaure idon sawuna a turke, irin ƙullin da rago bai taɓa kwancewa ba. Na naɗe wando har sama. Sai bakina ya kama aikinsa da kansa: "Hoo. Tsaya mana. Tsaya, ke!" Ina yi ina bubbuga cinyar.

Ban sa sakata ba.

Ardo Buba ne ya turo ƙofar, da dattawa biyu a bayansa, suna jaye da rago mai ɗingishi. Ardo tsohon abokin aikina ne, shanunsa na fi kowa yi wa allura. Shi Bafillace, ni Babarbare, kun san wasan da ke tsakaninmu. Da ma neman abin faɗa yake yi a kaina tun shekaru.

Sirinjin ya suɓuce ya faɗa cikin kashin awaki. Na zabura in miƙe in gaishe su, igiya ta fizge ni, na koma daɓas. Har ragon ya tsaya yana kallona. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ina ɗan makaranta a lakol.

Ardo ya dogara da sandarsa ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Likita, an riga an saye ka ne, ko yanzu za a kai ka kasuwa?" Ɗaya daga cikin dattawan ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Ƙarya ba ta da wurin shiga, don haka na faɗa masa komai, har maganar yatsu da turne. Da ya ji zancen yatsun sai ya bar dariya. Ya tsuguna ya kwance ƙullin, ya ce in je in wanke hannu in kawo sabuwar allura. Muka koma zaure.

Ya ce, "Shekara nawa kana sokar mini shanu? Ka taɓa duba abin da nake yi a wajen kan saniyar?"

Na ce riƙe ƙaho yake yi.

Ya ce, "Yara ne ke riƙe ƙaho. Ni sosa mata bayan kunne nake yi, ina kiran sunanta, har ta manta da kai. Kai kullum sauri kake, ba ka taɓa ɗago kai ba."

Ina son in yi gardama, sai na ji tafin hannunsa a ƙeyata. Ya fara sosa mini bayan kunne, yana wata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, irin wadda na sha ji a bakin rijiya ban taɓa saurara ba. Ina kallon wurin da na goge da alkol, amma rabin hankalina yana kan tambayar ko wace saniya ce ya ba ni sunanta. Ban san lokacin da hannuna ya sauka ba. Na tura maganin a hankali, na zare, na danne da auduga. Cizon sauron bakin Komadugu ya fi shi zafi.

Na tambaye shi me yake cewa. Ya ce, "Abin da nake ce wa tsohuwar nan mai gardama, wadda ta taɓa harbin ka."

Na tafi turne, na yi allurai shida da hannuna, kowane karo sai na ɗan sosa bayan kunnena tukuna, direba kuma yana kallon wani gefe. Kiyashin yatsu sun ragu sosai, maɓallin riga ya daina ba ni wahala. Sai dai labarin ya riga motarmu isa ko'ina. Duk rijiyar da muka sauka, sai wani ya miƙo mini igiya ya tambaya, fuska a murtuke, "Ta shanu za a fara, ko ta Likita?"

Da can in makiyayi ya tsaya lallashin saniyarsa, tsawa nake yi masa in ce yana ɓata mini lokaci. Yanzu sai in tsaya da sirinjina in jira ya gama sosa mata kunne. Na san halin da take ciki, kuma ita aƙalla ba ita ta ɗaure kanta ba.