Rasuwar Mero, Motar Matan Badarawa

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, ni Maitama direba, na tashar Shinkafi da ke Kaura Namoda, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar motata, bas mai cin mutum goma sha huɗu, wadda kowa ya sani da Mero. Ta cika ranar Litinin da hantsi a gefen titi, ba mu yi nisa da Kaura ba, muna hanyar zuwa Badarawa ɗauko 'yata Azumi da naƙuda ta kama.

Marigayiyar ta shigo hannuna a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, jihar tamu tana ɗanya shakaf, lokacin da aka hana 'yan kabu-kabu goya mata. Na sa aka rubuta mata "Mata Zalla" a goshi da koren fenti. Tun daga nan ta zama amintacciyar gidaje. Magidancin da ba ya barin iyalinsa su leƙa zaure, in ya ji Mero ce a ƙofa, sai ya ce a dawo lafiya. Ta kai masu ƙuli-ƙuli kasuwar Alhamis, ta kai majinyata asibiti, ta sha ɗaukar akuya a ƙarƙashin kujera ba tare da ta yi ƙorafi ba. Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, direbobi suka daina ratsewa ƙauyuka sai ranar kasuwa cikin ayari, ita ba ta daina ba.

Ba zan ce ba ta da aibu ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Da safe sai ta yi kyar, kyar, kyar sau uku kafin ta ce gurum, kuma hon ɗinta kamar tsohuwar tunkiya mai mura. Tankinta na yoyo, shekara tara ina toshe shi da sabulu. Amma ba ta taɓa barina a daji ba. In mai ya ƙare, kowace inuwa akwai ɗan bumburutu da galan, a ɗura mata, ta yi gyatsa, mu wuce.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga cire tallafin mai. Sai ta koma ta yi kwana ɗaya a hanya, uku a ƙarƙashin dalbejiya. A daidai lokacin Azumi ta samu ciki bayan ɓari biyu, ma'aikaciyar jinya a Shinkafi ta ja kunnen mijinta Bilyaminu cewa wannan karon kada a kuskura a haihu a gida. Ni na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ranar da abin ya zo Mero za ta kai ta. Don haka da na ji a rediyo gwamnati za ta mayar da motocin haya masu shan gas kyauta, na riga kowa isa Gusau. Na ga kamar Allah ne Ya dubi Azumi.

An yi biki da rumfuna da makaɗa. Aka ɗaura wa Mero tukunyar gas a bayan kujerar ƙarshe, wata tanka da aka kawo don bikin ta cika mata ita, aka ɗauke mu hoto ina dariya har kunne. Wani jami'i mai farar hula ya ce kafin kaka za a buɗe gidan gas a Kaura. Ya ce mu bar tankin fetur inda yake. Ya kuma ce duk wanda ya bari bakaniken tasha ya taɓa haɗin da aka yi, za a cire sunansa daga shirin. Kwana huɗu Mero ta yi tana tafiya shuu, shiru kamar amarya, har mata suna tambaya ko na sake mota.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. A tasharmu ba a barin ƙarfe ya zauna banza. Abin da mota ta daina amfani da shi, a kwance a ba mai buƙata. Dogo bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Malam Maitama, mi za ka yi da tankin ga mai yoyo? Nauyi ɗai shika ƙara mata, ga tukunya ta danne baya." Na ce a cire. Aka tsaga shi biyu, Hayatu makiyayi ya tafi da shi Jangeru yana shayar da maruƙa. Fanfon mai kuma ya koma tasin abokin sana'ata Maccido. Rana ta biyar gas ya ƙare. Na tambayi inda ake sha, aka ce sai Kaduna, inda ko cikin tukunya guda ba ya kai mutum ya dawo da shi.

Wata biyar ta yi kwance tana jinya. Kullum nakan je filin da aka kafa allon gidan gas. A gaban idona aka shuka gero a gindin allon, ya yi kai, aka girbe. Abokai suka ce in nemi tsohon tanki in mayar, na ƙi, ina tsoron wajen jona shi a taɓa haɗin gas, a cire sunana. Azumi takan kira ta ce, "Baba, Mero ta tashi?" In ce mata tana tashi kafin lokacinki, da yardar Allah. Har ga Allah na yarda da abin da nake faɗa.

Ranar Litinin Bilyaminu ya kira da safe. Ba ranar kasuwa ba ce, babu ayari, na bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu ba. Dogo ya ɗaure jarkar fetur a rufinta, ya sauko da tiyo zuwa inji, aka tura. Ta yi kyar ɗinta sau uku, ta ce gurum, na ji hawaye ya zo mini. Cikin gaggawa babu wanda ya tuna ya duba baƙin mai, ashe ya tsiyaye tun da damina. Mun wuce gonakin bakin gari kenan ta yi ƙwas, ƙwas, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta tsaya. Dogo ya buɗe, ya duba, ya cire hularsa.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, biyu masu sanƙo, da madubi ɗaya, da tukunyar gas sabuwa fil wadda sau ɗaya tak ta ƙoshi. Ta bar matan Badarawa da na ƙauyukan Zurmi suna zaman jiran motar da mazajensu za su yarda da ita. Ta bar ni, ina da shekara sittin da uku, ban iya wata sana'a ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar bayan azahar. Shanun maƙwabcina Zubairu ne za su ja gawar zuwa wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, bayan tsohuwar tashar jirgi. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka kowa ya zo da addu'arsa a zuci. Ba za a tafi da tukunyar ba, saboda jami'an shirin sun aiko cewa suna nan tafe duba motocin da suka amfana, kuma a takardarsu Mero tana nan da ranta.

Gaisuwa kuwa ba a Kaura za a karɓa ba, sai a Badarawa, ƙofar gidan Bilyaminu, inda tabarmi suke shimfiɗe tun ranar Litinin. Da ya gaji da jirana, a amalanke ya ɗora Azumi. A hanya ta haihu, namiji, bai ko yi kuka ba, an kai shi makwancinsa kafin la'asar. Azumi tana nan, jiki da sauƙi. Wanda ya zo ya yi mata addu'a, amma don Allah kada a ambaci mota a gabanta. Ni ma har yau iyakata zaure, ban iya shiga ɗakin ba.