Yadda Na Kashe Yayana da Farin Yadi

Ko da zan manta komai na zaman da na yi a Guangzhou, ba zan taɓa mantawa da sanyina na farko a can ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne, wata biyu da Yaya Sani ya ɗauko ni daga Kano in taya shi harkar jakunkuna. Muna haya a ƙasan wani tsohon gida mai ɗan tsakar gida, mai gidan kuwa wata tsohuwa ce da kowa ke kira Apo (kaka ke nan da yarensu), tana zaune a sama. Son Yaya take kamar ita ta haife shi, don shi ke hawar mata da tukunyar gas bene.

Ranar da zai tafi Shiling wajen masu ɗinka jakunkuna, tafiyar kwana uku, yana ɗaure takalmi ya ce, "Ka ɗan kintsa gidan, an ce sanyi na tafe."

Ni China ɗin da na sani ta talabijin ce, ƙanƙara har gwiwa. (Da na tambayi ko mai shayi ne, da ya gaya mini ƙanƙara ba ta san hanyar garin nan ba. Ban tambaya ba.) Na toshe tagogi da jarida, na ga bai isa ba. Sai na tuna da wani bandir na farin yadi da Yaya ya ajiye a ƙarƙashin gado. Na yayyanka shi, na lulluɓe tagogi daga waje, na saki labule a ƙofar shiga, na naɗe tukwanen shukar lemon Apo guda biyu, har famfon tsakar gida sai da na yi masa rawani. Na sayo shebur na kwashe ƙanƙara na jingine.

Apo ta je wajen 'yarta, sai washegari ta dawo. Tana shigowa kwandon hannunta ya suɓuce. Ta yi ta magana, ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya, "Lawban?" wato maigida, sunan da take kiran Yaya.

A lokacin kalma uku na iya a yarensu: sannu, na gode, da "meyo", wato babu. Na ce, "Meyo." Don in nuna mata ya yi nisa, na ɗaga hannu na yi nuni can sama. Ga shi ina cikin ƙatuwar rigar sanyi a rana, gumi na zubo mini ina share fuska da hankici.

Tsohuwa ta zauna daɓas ta fashe da kuka. Kafin la'asar maƙwabta sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, su dubi yadin, su sunkuyar da kai, su riƙe hannuna biyu. Ni kuma ina ta na gode, na gode. Wallahi na ɗauka aikina suke yabawa. (Har na fara tunanin ko in mai da abin sana'a.)

Rana ta uku da safe sai ga Malam Idrisu, wani mutumin Kumasi mai tura mana kaya, ido jajur, yana salati.

"Ƙanena, sai haƙuri. Ina aka aje shi? Tsofuwa ya aiko ya ce Alhaji ya rasu."

"Wane Alhajin?"

Ban rufe baki ba tasi ta tsaya, Yaya ya shigo da buhun jakunkuna a kafaɗa. Apo ta ƙwalla ƙara daga kan bene. Ta sauko, ta taɓa hannunsa, ta matsa kumatunsa, sannan ta cire silifas ta hau dukansa tana kuka tana dariya. Shi bai san laifinsa ba.

Malam Idrisu ne ya warware mana: a wajen mutanen China ba a rataya farin ƙyalle a ƙofa sai an yi mutuwa. Ya juyo kaina ya ce, "Ka gode Allah layin Kano bai shiga ba. Sau uku ina buga ma Hajiyarku." Na yi salati. Hajiya tana da hawan jini.

Yaya ya dubi tagogi, ya dubi famfo mai rawani, idonsa ya tsaya a jikin bango.

"Shebur ɗin fa? Na kabarina ne?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban yi sallama ba.

Apo ta tsaya a kaina na kwance yadin nan tas, ta liƙa jajayen takardu a ƙofa don korar abin da na jawo. Da yamma ta sauko da citta da kifi, ta dafa mana miya a tukunyarmu, ta fi cika kwanona. Sanyin ya zo bayan kwana biyu. Bargo ɗaya ya ishe ni.

Tun daga nan, in aka tambaye ni abu da yaren da ban iya ba, murmushi nake yi in nemo tafinta. Kuma hannuna a aljihu yake zama.